'Yata ta tambaye ni ta ina jariri ke shiga ciki, na daka mata tsawa. Yanzu ya zan yi?

"Assalamu alaikum Anti Nas. Ni uwa ce, ina zaune a Tudun Jukun a Zariya, yarana huɗu, babbar mace ce shekararta 11, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 9, sai ƙanana biyu. Kwanaki maƙwabciyarmu ta haihu, muna dawowa daga barka sai babbar ta tambaye ni wai ta ina jariri yake shiga cikin mace. Na daka mata tsawa na ce ta rufe min baki, tun ranar ba ta sake min irin maganar ba, amma hankalina bai kwanta ba don na lura ta fara ƙirgen dangi. Babansu ya ce in ƙyale su makaranta da Islamiyya za su koya musu, wai irin wannan magana buɗe wa yaro ido ne. Ga shi kuma ita ce 'yar farina, nauyinta nake ji. Don Allah ta ina zan fara, kuma me zan ce?"

Wa alaikumus salam Maman yara, Allah ya raya mana su. In na fahimce ki da kyau abu uku kika cure wuri ɗaya, ko maganar maigida gaskiya ce cewa faɗa wa yaro irin wannan lalata shi ne, sannan me ya dace a faɗa wa yaro a shekarunsa, sai kuma yadda za ki yi da kunyar 'yar fari. Zan taɓa duka amma ba lallai a jere ba. Abin da zan fara faɗa miki shi ne tsawar nan ba ta kashe tambayar ba, tana nan a ran yarinyar, abin da ya canja kawai shi ne wanda za ta kai wa. Ta gane Mama ba wurin wannan magana ba ce, to saura ƙawarta ta aji, ko 'yar maƙwabta da ta girme ta da shekara biyu, ko wayar wani. Duk abin da zan faɗa a ƙasa manufarsa ɗaya ce, yaranki su san cewa a gidan nan in an zo da irin wannan magana ba a shan duka, kuma ana samun amsa ta gaskiya. A shekara 11 ana iya gyara wannan sarai.

Daga ina shirun ya samo asali

Aikina jinya ne da karɓar haihuwa, kuma ranar awo in na tambayi mata wa ya fara yi musu bayanin al'ada, da wuya ki ji wadda ta ce mahaifiyarta. Amma fa kar mu ɗauka iyayenmu sakaci suka yi, a da akwai tsari. Gida babba ne, ga kaka ga gwaggo ga inna ga matar kawu ga yayye, uwa tana kawaici ne saboda ta san akwai masu yi mata aikin. Kaka musamman, tunda akwai wasa tsakaninta da jika, tana iya faɗin maganar da uwa ba za ta iya ba cikin raha da tsokana kuma saƙon ya isa. Sannan tsakanin fara al'ada da aure ba wani nisa, kafin yarinya ta fara dogon tunani an kai ta ɗaki, gwaggo ta yi mata huɗuba an wuce wurin.

Yanzu dubi yadda muke zaune. Mata da miji da 'ya'yansu a gidan haya ciki da falo a Sabon Gari ko Samaru ko nan Tudun Jukun ɗin, kaka tana cikin birni ko tana ƙauye sai da sallah ake ganinta, yarinya kuma za ta gama sakandare ta nemi jami'ar ABU ko kwalejin Nuhu Bamalli, sai ki ga shekara goma cur tsakanin balaga da aure, tana shiga keke napep ita kaɗai tana riƙe waya. Kunyar tana nan daram yadda muka gada, masu ɗauke wa uwa nauyin ne suka watse, shi ya sa kike jin abin ya faɗo kanki ke kaɗai, don gaskiya ya faɗo ɗin.

Maganar maigida

Bari mu yi masa adalci, tsoronsa na uba ne, ba ya son a sa wa yaro abin da babu a ransa. Amma batun makaranta za ta koya musu, a nan sai ya yi haƙuri. Tun 2003 akwai manhajar ilimin zaman iyali da kariya daga cutar HIV a Najeriya, sai dai ba kowace makaranta ke koyarwa ba, malamin ma ɗan Adam ne, in ya zo babin haihuwa a darasin kimiyya sau da yawa karantawa yake da sauri ya wuce kafin 'yan bayan aji su fara dariya. A watan Nuwamba na 2022 ma ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhajar, hujjarsa ita ce wannan aikin iyaye ne da malaman addini. Kin ga gwamnati ta turo wa iyaye, uba kuma yana tura wa makaranta, yaron yana tsakiya ba wanda ya ce masa komai. Islamiyya kam tana koyar da babin tsarki, Allah ya saka wa malaman, amma na sha ganin yarinyar da za ta jero miki abubuwan da ke wajabta wanka tiryan-tiryan, ki tambaye ta mene ne janaba ta tsaya tana kallonki. Hadda ce ta yi, bayanin sai a gida.

Batun buɗe ido kuma an yi bincike a kansa sosai. Hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta tattara nazarce-nazarce daga ƙasashe da yawa, ta fitar a 2009 ta sabunta a 2018, abin da aka samu shi ne bayani na gaskiya daidai da shekarun yaro ba ya sa yara su fara jima'i da wuri, a wurare da dama ma jinkirta farawar yake yi. Ni ma abin da nake gani a ɗakin awo ke nan. 'Yan matan da ake kawo mana da cikin da ba aure, akasarinsu ba wayayyun da ake zato ba ne, yara ne da wani ya yi wa wayo da indomi da kuɗin kati, wata cikin ya kai wata biyar ita da uwar duk suna zaton shawara ce ko taifot.

Addini bai ce a yi shiru ba

Wannan ita ce ƙofar da ta fi sauƙi gare mu, kuma ita za ki bi da maigida. Ummu Sulaim ta zo gaban Annabi (SAW) ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, shin mace za ta yi wanka in ta yi mafarki, ya amsa mata bai kore ta ba. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. A Suratun Nur aya ta 58 an ce yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shigo wa iyaye a lokuta uku, kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe kaya, da bayan isha'i. Ga hadisin da ya ce a umarci yara da sallah suna shekara 7, in sun kai 10 a raba musu shimfiɗa. Duk waɗannan ba yadda za a yi ki aiwatar da su ba ki yi wa yaro bayanin dalili ba. Ahalarin da muka karanta muna ƙanana ma ai akwai haila da janaba da jinin biƙi a ciki, ba a ce sai mai aure zai buɗe shafin ba.

Akwai kuma saurayin nan da ya zo ya ce Manzon Allah ya yi masa izinin zina, mutane suka taso masa, Annabi ya ce ya matso kusa, ya tambaye shi ko zai so a yi da mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar uwarsa, yana cewa a'a, a ƙarshe ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Ina yawan tuna wa iyaye maza wannan, don tambayar 'yarki ko kusa ba ta kai wannan nauyi ba.

Ƙananan biyun

Da su ma za ki fara, kuma su ne masu sauƙi don ba su san kunyar ba tukunna. Wurin wanka ake yi, kina cuɗa shi kina faɗa masa sunan kowane wuri, kai, ciki, gaba, ɗuwawu, yadda kike cewa hanci ba tare da kin canja fuska ba. Ki bar sunayen wasa irin su "abin nan", saboda ranar da wani abu ya faru yaron da ba shi da kalma ba zai iya ba da labari ba, zai ce kawai wane ya taɓa min abu, ke kuma kina tuƙa tuwo ki ce to je ka yi wasa. Dokar a taƙaice take, duk inda wando da riga suka rufe naka ne, ba mai gani ba mai taɓawa sai Mama wurin wanka da tsarki, ko likita in Mama tana tsaye, kai ma ba ka taɓa na wani. Sannan babu sirri tsakanin babba da yaro, duk wanda ya ce kar ka faɗa wa Mama to shi ne farkon abin da za a faɗa wa Mama, ko da ya ce zai yanka ka, ko da alewa ya ba ka.

A nan akwai wani abu namu da sai mun dube shi. Mun horar da yara cewa ba a yi wa babba musu, in ya kira ka ka je, in ya aike ka ka tafi, wannan tarbiyya ce mai kyau amma masu lalata yara da ita suke amfani. Ki ba su izini ƙarara, in wani ya ce su shigo ɗaki ko cikin shago ko kango ko bayan zaure, ko wane ne, su ce Mama ta hana su ruga, kuma in ya kawo ƙara ke za ki tsaya musu. Wasan nan kuma na "matata" da "amaryata" da manyan maza ke yi wa 'yan yara mata, na kaka daban ne kowa ya san shi, amma mai shago da ɗan acaba da abokin Baba suna kiran 'yar shekara 6 matata suna ɗora ta a cinya, ni dai ba na so, kuma ina hanawa ko za a ce na cika tsanani.

In ƙaramin ya tambayi daga ina jariri yake, amsar ɗan shekara 4 ko 5 ba ta wuce "yana girma ne a wani wuri cikin cikin Mama da ake kira mahaifa, in ya isa sai a je asibiti a taimaka ya fito". Yawanci daga nan ya koma wasansa. Kar dai a ce a kasuwa aka sayo ko ta cibiya ya fito, don zai girma ya gane ƙarya ce, daga nan ya san a wannan fannin ba a yarda da ke.

Yadda za ki koma wa babbar

Kar ki kira ta ɗaki ki rufe ƙofa ki ce zauna magana za mu yi, za ta ɗauka laifi ta yi, ke ma bakinki zai yi nauyi. Ki bari sai kina mata kitso ko tsifa, tana zaune a gabanki ta ba ki baya, ba mai kallon idon wani, hannunki yana aiki. Sai ki ce, "Ranar nan kin yi min tambaya na yi miki tsawa, ba laifi kika yi ba, nauyi na ji. Me kika taɓa ji a kan abin?" Ki fara jin nata tukunna, za ki sha mamakin abin da ta riga ta kwaso, kuma duk abin da ta faɗa kar ki ce wa ya gaya miki cikin faɗa, in kika yi haka ta rufe ke nan.

Amsar kanta ba doguwa ba ce. Wani abu kamar haka: Allah ya halicci mace da ƙwayaye ƙanana a cikin mararta, namiji kuma in ya balaga yana da ruwa da ake kira maniyyi, idan miji da mata suka sadu, gabansa ya shiga gabanta, ruwan ya haɗu da ƙwan, sai ya zauna a mahaifa ya yi ta girma wata tara, ya fito ta gaban mace, wani lokaci kuma sai an yi tiyata. Allah ya halatta wannan tsakanin ma'aurata kaɗai, shi ake kira zina in ba aure. Shi ke nan fa. Za ta iya cewa ƙazanta, za ta iya yin dariya ko ta yi tsit, duk daidai ne, ki ce in wata tambayar ta zo miki ki dawo. Maganar ba ta zama ɗaya ba ce, kaɗan yau kaɗan wani satin, in an yi haihuwa a unguwa, in kuna kallon fim aka nuno wani abu, in an ce wance ta bar makaranta.

Batun al'ada shi ne na gaggawa a wurinki. Nono yakan fara fitowa tsakanin shekara 8 zuwa 13, jini kuma yakan biyo baya da kamar shekara biyu, wata ƙasa da haka, don haka tunda ta fara ƙirgen dangi lokacin bayani ya yi, kafin ta gani ba bayan ta gani ba. Na ga yaran da suka ɓoye jinin farko kwana da kwanaki suna cusa tsumma suna kuka a bayi, sun ɗauka ciwo ne ko wani zunubi suka yi. Ki faɗa mata jini zai zo ta gabanta, lafiya ce ba ciwo ba, yakan yi kwana 2 zuwa 7, a shekarun farko yana iya tsallake wata ko ya zo ba tsari, mara na iya ciwo, kuma kafin ya fara za ta iya ganin farin ruwa a wando wanda in ba ƙaiƙayi ba wari to ba sanyi ba ne. Ki buɗe audugar mata a gabanta ki nuna mata yadda ake maƙalawa, ki sa ɗaya a jakar makarantarta, in ƙunzugu ne a koya mata wankewa da sabulu da shanyawa a rana, ba a ƙarƙashin katifa ba. Sai hukuncin sallah da azumi, da yadda ake gane tsarki, da wankan, ki yi mata shi a aikace da buta. A kai ta asibiti idan jinin ya wuce kwana 7, ko tana jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ciwon yana hana ta zuwa makaranta, ko ta kai 15 ba ta fara ba.

Jimla ɗaya nake roƙonki kar ki faɗa, wadda kusan duk aka faɗa mana, "daga yau in namiji ya taɓa ki ciki ne". Illarta biyu. Mai tsoro za ta shiga tashin hankali don kafaɗarta ta gogi ta wani a layin famfo, mai wayo kuma za ta gwada ta ga an taɓa hannunta ba ta yi ciki ba, sai ta zubar da duk sauran maganarki, ranar da saurayi ya ce mata sau ɗaya ba ya zama ciki sai ta fi yarda da shi. Ki faɗa mata ainihin abin da ke kawo ciki, kuma ki ce sau ɗaya ma yana isa, har wadda ba ta ga jinin farko ba tana iya ɗauka don ƙwai yana riga jini fita, kuma wanka ko shan kanwa ko ruwan gishiri ba sa hana komai, ga kuma cututtuka irin su HIV da ciwon hanta.

Namijin

Yaran maza su aka fi mantawa, ana ganin ai namiji ne ba zai kawo abin kunya gida ba. Nasu yakan fara tsakanin 9 zuwa 14, murya ta buɗe, gashi ya fito, warin jiki ya canja, wasu ma nononsu kan ɗan kumbura ya yi zafi na wani lokaci ya koma, sai kuma mafarki. Yaro nawa ne ya yi watanni yana sallah da janaba saboda ya farka ya ga wandonsa a jiƙe ya ɗauka fitsarin kwance ne ya ɓoye? Wannan aikin Babansu ne, a kan mashin in za su Juma'a ko suna dawowa daga asuba, ya ce masa wata rana za ka ga kaza, kowane namiji yana gani, ba laifi ba ne, ga yadda ake wanka. Ya haɗa masa da runtse ido, da cewa jikin 'ya mace ba abin wasa ba ne ko ƙanwarsa ce ko 'yar aiki ko mai talla. Dokar wando ɗin nan ta ƙanana shi ma ta shafe shi, don ana lalata yara maza, kuma sun fi mata ɓoyewa. Tunda ya kusa 10 a fara shirin raba masa wurin kwana da 'yan uwansa mata, ko ɗakin ɗaya ne a raba katifa da mayafi.

Waya kuma ko ba ki saya musu ba za su gani a ta yayan abokinsu ko a shagon caji, ana tura bidiyo daga waya zuwa waya ta Xender ba sai da data ba. Gara ki riga, ki ce akwai hotuna da finafinan tsiraici da mutanen banza ke yaɗawa, in kun ci karo ku kauda kai ku zo ku faɗa min, ba zan dake ku ba, kuma ki cika alƙawarin ranar da suka zo. Babbar in ta fara riƙe waya ta san ba a tura wa kowa hoton jiki, don da shi ake yi wa 'yan mata barazana a WhatsApp, in ma tsautsayi ya sa ta tura to ta zo wurinki kafin ta biya wa mutumin buƙata. Wayar gida ta kwana a falo.

In wani abu ya riga ya faru

Allah ya kiyaye, amma dole in faɗa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yarinya 1 cikin 4, da yaro namiji 1 cikin 10, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai 18, kuma yawanci wanda yaron ya sani ne, ba baƙo daga nesa ba. Ki lura in yaro ya fara gudun wani mutum da ya saba da shi, ko ya dawo fitsarin kwance, ko tafiyarsa ta canja, ko kina ganin kuɗi da kayan kwalama da ba ke kika ba shi ba, ko yana maganar da ta fi shekarunsa. In ya buɗe baki ya faɗa miki, minti biyar ɗin farko su ne komai, kar ki yi ihu kar ki ce me ya kai ka, ki ce na yarda da kai, ba laifinka ba ne, ka kyauta da ka faɗa. Kukanki ki yi shi daga baya.

Kar a yi masa wanka ko a gasa shi da ruwan zafi kafin a je asibiti, kar a wanke kayan, a tafi da su. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28, na hana ɗaukar ciki kuma yana aiki har kwana 5 amma gara da wuri. A nan Zariya akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, an buɗe ta ne don irin wannan, suna duba lafiya su kuma taimaka wurin kai ƙara. Jihar Kaduna ta tsananta dokar fyaɗe a Satumbar 2020 zamanin El-Rufa'i, wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 hukuncinsa dandaƙa da kisa. Duk da haka abin da na fi gani shi ne sasanci a zaure, a ce a rufa asiri don ɗan uwa ne ko don kar yarinya ta rasa miji, a ba da kuɗin magani a watse, mutumin kuma ya koma kan 'yar wani. Ko me dangi za su yanke, asibiti dai ba a jira da shi.

Kunyar 'yar fari

Ba zan ce ki yar da ita ba, na san yadda take, wasunmu ko sunan ɗan fari ba ma iya faɗa. In kin gwada wurin kitson kin ji bakinki ya ƙi, ki samu ƙanwarki ko gwaggonta ko wata malama da kika yarda da hankalinta, amma ki zauna da ita tukunna ku daidaita abin da za a faɗa, kar ki tura yarinya wurin wadda za ta cika ta da tatsuniyar in an taɓa ki ciki. Kuma ko wa ya yi bayanin, akwai abin da ba mai faɗa sai ke, cewa na san Anti ta yi miki magana, ni na sa ta, in wani abu ya dame ki ko tsakar dare ne ki tashe ni. Gwaggo tana Kaduna ko Funtuwa, ranar da jinin zai zo ko wani ya tare ta a hanyar Islamiyya ke ce a gida.

Iyakata a nan ita ce lafiyar jiki. Ƙididdigar kwanakin haila a fiƙihu, da jinin ciwo, da abin da ya shafi ramuwar azumi, wannan ki kai wa malamarku ta Islamiyya. Yaron da aka riga aka cutar kuma yana firgita ko ya daina magana, hirar gida ba ta isa ba, a kai shi asibitin koyarwa na Shika a ga likitocin ƙwaƙwalwa, ba hauka ba ne. Kuma ba zan yi miki alƙawarin cewa in kin yi duk wannan yaro ba zai taɓa kuskure ba, shiriya ta Allah ce, sai a haɗa da addu'a da sanin su waye abokansu.

Shi kuma maigida kar ki je masa da sunan ilimin jima'i, yana ji zai toshe kunne ya ce kayan Turawa ne. Ki bari sai ya ci abinci yara sun kwanta, ki ce yaron nan fa ya kusa balaga, sallarsa za ta hau kansa, wa zai koya masa wankan janaba? In ya ce Islamiyya, ki tambaye shi cikin wasa shi wa ya koya masa, yana shekara nawa, kuma wata nawa ya yi yana ɓoye wando kafin ya sani. In ya ƙi duk da haka, kawunsu ko ƙanin Babansu zai iya, in babu kowa ke ki yi, uwa ta koya wa ɗanta wanka ba haramun ba ne.